Ka ga bidiyon tallan 5G ranka ya biya? Tsaya ka gwada kafin ka zuba kuɗinka

Tun da MTN suka buɗe 5G, sabon sabis ɗin intanet na waya da ya fi 4G gudu, a Najeriya a 2022, Airtel suka biyo baya a 2023, bidiyoyin talla suka cika YouTube da Facebook da Instagram, irin waɗanda za ka ga an danna fim kafin mutum ya gyara zama har ya gama sauka, ko kiran bidiyo tar kamar kuna ɗaki ɗaya. Yawanci ba ƙarya ba ne fa, fasahar tana iya yin hakan, amma an ɗauki bidiyon ne a inda sabis ya fi ƙarfi, kusa da turken sabis, da waya mai tsada. Kai kuma ɗakinka yana can ƙuryar gida bayan katanga uku. To aikin da ke gabanka shi ne ka gano ko abin da ka gani zai faru a ɗakin naka, kafin ka tafi Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, ka ƙirgo kuɗin rauta (na'urar da ke kamo sabis ta raba shi ta waifai) ko sabuwar waya.

Da farko dai duba wa ya saka bidiyon. Shafin kamfani na gaskiya yana da alamar tantancewa kusa da sunansa, da tarin tsofaffin bidiyoyi na shekaru. 'Yan damfara suna kwafe bidiyon kamfani su liƙa link a ƙasa wai kyautar data giga 50, kana shiga a ce kawo BVN ko lambar da aka turo ma ta tes. Dan Allah kar ka bayar, wannan ba talla ba ce, sata ce.

In ka tabbatar na kamfanin ne, sauke ingancin bidiyon zuwa 360 ko 480 tukunna, don tallan ma da datarka kake kallo. Sannan ka riƙa tsayar da shi kana karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan allo, waɗanda suke wucewa da gudu, nan ake faɗin cewa gudun da aka nuna shi ne ƙololuwa, kuma ya danganta da wuri da irin wayar. Lambar gudun da ake nunawa ma akwai abin lura, Mbps suke rubutawa, wato megabit a daƙiƙa, ba MB (megabait) ba. Raba ta gida takwas ka samu megabait. In an nuna 400 to megabait 50 kenan a daƙiƙa ɗaya, fayil mai giga ɗaya zai ɗauki kamar daƙiƙa 20, in komai ya tafi daidai.

Sai batun wuri, kuma nan ne mutane suka fi yin asara wallahi. A gwanjon lasisin 5G da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi a Disamba 2021, kamfanonin MTN da Mafab ne suka ci, kowanne ya biya dala miliyan 273.6 a zangon 3.5GHz, wato mitar da sabis ɗin ke tafiya a kai. Shi wannan zangon yana ɗaukar kaya da yawa amma ba ya zuwa nesa kamar na tsohon sabis, kuma gini yana rage masa ƙarfi sosai, shi ya sa za ka iya samun 5G a bakin titi ka shiga soro ta koma 4G. Garuruwa bakwai MTN suka fara ambata, Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan, Kano, Owerri da Maiduguri, amma a ce akwai 5G a Kano ba yana nufin kowane lungu na Kano ba ne, unguwa-unguwa ne, wani lokacin ma layi-layi. Kamfanonin suna da taswirar sabis a shafinsu, duba, amma kar ka tsaya nan.

Gwajin gaskiya shi ne ka nemi aboki ko maƙwabci mai wayar 5G da layin kamfanin da kake so, ka ce ya leƙo gidanku. Ku buɗe Speedtest ko fast.com, masu auna gudun intanet, ku gwada a ƙofar gida, ku gwada a tsakar gida, sannan a ainihin inda kake zama kana aiki, kan tabarma ne ko kan tebur. Kuma kar ku yi da sassafe kawai lokacin kowa na barci, ku sake bayan Isha'i lokacin da duk unguwa ta hau TikTok, don turke ɗaya kuke rabawa, wannan lambar ta dare ita ce taka. Kar alamar 5G da ke saman allo ta ruɗe ka, tana iya fitowa alhali gudun bai wuce na 4G ba, lambar gwajin za ka kalla. Ka sai wa abokin data kafin ku fara, gwajin yana cin data ba kaɗan ba idan sabis ɗin na da gudu, sau ɗaya ma zai iya lashe ɗaruruwan MB.

Wayar kuma, ba kowace sabuwa ce ke ɗaukar 5G ba, Tecno da Infinix da Redmi da Samsung duk suna da masu 4G zalla masu kusan suna ɗaya da masu 5G ɗin. Duba jikin kwalin, sannan ka shiga setin ɗin netwok a gaban mai shagon ka ga ko akwai zaɓin 5G. In tokumbo ce daga Amurka ko China to ka bincika ko tana da n78, shi ne sunan zangon 3.5GHz ɗin da ake amfani da shi a nan. Ni in don gida ne ko shago na fi son rauta a kan canja waya, ka ajiye ta a taga ta ɓangaren da turken yake, sama-sama, wayoyin gidan duk su hau ta waifai ko da tsofaffi ne. Sai dai tana son wuta, ka yi lissafin fawa bank ko sola tun yanzu.

Abin da bidiyo ba zai nuna ma ba shi ne yadda data ke ƙarewa. Ba wai 5G na satar data ba ne, YouTube ne da ya ga hanya a buɗe sai ya ɗaga ingancin bidiyo da kansa zuwa 1080 ko sama, kuma tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025 kowane giga da zafinsa. Saita ingancin da hannunka, kashe bidiyo mai kunna kansa a Facebook, ka riƙa danna *323# kana ganin abin da ya rage a makon farko.

In ka saya kuma abin ya saɓa da yadda aka tallata, kira 300 ka kai ƙorafi ga kamfanin, ka karɓi lambar ƙorafin ka rubuta, ka ajiye hotunan gwajin da ka yi masu kwanan wata. In ba su gyara ba sai ka kira NCC a 622, kyauta ne, za su tambaye ka wannan lambar.