Yadda zaka kauce wa hadari in zaka hau Mambila da damina

Jama'a duk mai niyyar zuwa Gembu, garin da ke saman dutsen Mambila a jihar Taraba, tsakanin Afrilu da Oktoba ya sani ruwan sama a saman dutse ba irin na Kano bane, da safe gari wasai rana na haska, amma zafin nan shi ke tura iska mai danshi ta hau dutse ta yi sanyi ta zama gajimare, shi yasa yawanci bayan azahar ko wajen la'asar sai kaga hadari ya hado kamar wasa.

Ka duba hasashen NiMet (hukumar kula da yanayi ta Najeriya) tun dare, sannan ka bar garin Serti da ke kasan dutsen da sassafe don ka gama hawan dutsen da ke farawa daga garin Mayo Selbe kafin azahar, hanyar nan ga kwana-kwana ga hazo, in ta jike kuma santsi ne.

In kaga walkiya fara kirga dakika har kaji tsawa, duk dakika 3 kusan kilomita 1 ne. Bai kai 30 ba? Shiga mota ko daki, kar ka fake gindin bishiya don Allah, balle kan tudu. Jira minti 30 bayan tsawar karshe. Ka tafi da rigar sanyi, sanyin garin Nguroje da ke kan hanyar Gembu ba wasa.