Yadda na goge tarihin takardun da aka buɗe a kwamfutarmu

A shagonmu na buga takardu da ke kusa da babbar kasuwar Maradi, na lura cewa Windows 10 tana nuna wa duk wanda ya zauna gaban kwamfuta sunayen takardun da aka buɗe kwanan nan, har da na asibiti da na rabon gado, alhali amanar mutane ce a hannunmu.

Da yake kwamfutar da Faransanci take, na buɗe Explorateur de fichiers, wato wurin duba takardun da ke cikin kwamfuta, na shiga Affichage sannan Options, a ƙarƙashin Confidentialité na cire alamar akwatuna biyun da ke wurin, na danna Effacer. Wannan bai taɓa takardun kansu ba. Shi kuwa Word, manhajar rubutu, daban yake ajiye nasa jerin, sai da na shiga Options avancées na mayar da adadin takardun da yake nunawa zuwa 0.