Yadda Kirista zai riƙe darajarsa bayan yaƙi ya raba shi da gida a Sudan

Tun daga ranar 15 ga Afrilu 2023, lokacin da faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, fiye da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu, kuma a cikinsu akwai ɗan ƙaramin rukuni da ba a cika tunawa da shi ba, wato Kiristoci masu jin Hausa. A tsakanin Hausawan Mai Wurno da Damazin da Gadarif, waɗanda kusan dukkansu Musulmi ne, ba mu da yawa. A cikin ikilisiya kuma sau da yawa ana yi mana kallon baƙi. Rikicin ƙabilanci da ya rutsa da Hausawa a jihar Blue Nile a watan Yulin 2022 ya riga ya nuna cewa har yanzu akwai masu shakkar ko Bahaushe ɗan ƙasa ne. Wanda ya rasa gida da sana'a a kan wannan hali, abin da ya fi cin ransa ba yunwa ba ce, ganin kansa ne da yake yi kamar ba kowa ba.

Matakin farko shi ne ka raba abin da aka ƙwace maka da abin da ba a iya ƙwacewa. Ka sami takarda, ka rubuta asararka dalla-dalla: shago, keken ɗinki, albashi, gonar da ba ka girbe ba. Daga nan ka buɗe Farawa 1:27, inda aka ce Allah ya halicci mutum cikin siffarsa, ka lura cewa an faɗi haka tun mutum bai yi aikin komai ba, bai kuma mallaki komai ba. Darajar da ba aiki ne ya kawo ta ba, rashin aiki ba zai tafi da ita ba. Kowace safiya, kafin ka duba labarai a waya, ka karanta Ishaya 43:1, inda Ubangiji yake cewa ya kira mutanensa da sunansu kuma su nasa ne, ka sa sunanka a wurin, ka furta da baki. Tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, yanzu ma ana samunsa a waya, amma tun da wutar lantarki ba ta da tabbas, gara ka kwafe ayoyin da hannu ka haddace su, har da Luka 12:6-7 da Zabura 139.

Abu na biyu, ka san cewa bangaskiyarka ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Mutumin nan da Filibus ya yi wa baftisma a Ayyukan Manzanni sura 8 ma'ajin Kandakatu ne, kuma sarauniyoyin da ake yi wa wannan laƙabi a Merowe ta dā suka yi mulki, arewa da Khartum. Daga ƙarni na shida masarautun Nubiya suka karɓi addinin Kirista suka riƙe shi shekaru ɗaruruwa, kuma kufan Soba, babban birnin masarautar Alwa, yana nan a gefen Khartum.

Ina so kowane ɗan gudun hijira ya san labarin Josephine Bakhita. An haife ta a Darfur wajen shekarar 1869, aka sace ta tana ƙaramar yarinya, aka sayar da ita hannu zuwa hannu, aka yi mata tsage a jiki aka cusa gishiri a raunukan, har tsananin firgita ya sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. Daga baya aka kai ta Italiya, kotu ta tabbatar da 'yancinta a 1889, aka yi mata baftisma a 1890, ta rasu a 1947, kuma a shekarar 2000 Paparoma John Paul na Biyu ya sa ta cikin tsarkaka. Ko kai ba ɗan Katolika ba ne, akwai darasi a nan: matar da aka raba da suna da dangi da harshe ta gane wace ce ita a lokacin da ta san cewa Allah ya san ta tun ba ta san shi ba. Ka ba 'ya'yanka wannan labari da Hausa.

Kada ka ɓoye baƙin cikinka da sunan bangaskiya. Ban yarda da wa'azin da ke cewa wahala alamar zunubi ce ko raunin addu'a ba, domin Yesu da kansa ya ƙi wannan fassara a Yohanna 9:1-3, lokacin da aka tambaye shi game da makahon nan. Zabura 13 da 88 addu'o'in kuka ne, kuma Allah ya bar su a cikin Littafinsa domin mu yi addu'a da su. Idan barci ya ƙaurace maka tsawon makonni, ko ƙarar ƙofa tana razana ka, ko tunanin kashe kanka ya fara zo maka, ka gaya wa fasto ko wani dattijo da ka amince da shi a ranar, ka kuma nemi ma'aikacin lafiya. Neman magani ba ya rage imanin kowa.

Sanin cewa darajarka daga Allah take ba dalili ba ne na barin haƙƙinka. Manzo Bulus, da za a yi masa bulala, ya faɗa wa jarumin soja cewa shi ɗan ƙasar Roma ne, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni 22:25. Saboda haka ka nemi sabunta lambar ɗan ƙasa ko fasfonka, ka ɗauki hoton kowace takarda ka aika wa ɗan'uwa da ke wani gari, ka kuma yi rajista da masu ba da agaji ba tare da jin kunya ba.

Inda mutane suka fi jin zubewar mutunci shi ne layin abinci. A makarantun da aka mayar masaukin 'yan gudun hijira za ka ga dattijon da a dā yake ciyar da gida guda, ya tsaya da roba a hannu yana sunkuyar da kai domin kada wani ya gane shi, yana jiran ludayin wake ko adas, wani nau'in ƙananan wake, daga tukunyar takiyya, wato wurin dafa abincin sadaka. Shawarata gare shi ita ce ya karɓa da godiya, sa'an nan washegari ya zo da wuri ya faskara itace, ko ya ɗebo ruwa, ko ya riƙe littafin sunaye. Annabi Irmiya, a sura 29, ya umarci waɗanda aka kwashe zuwa Babila su gina gidaje, su yi shuka, su nemi zaman lafiyar garin da suka sami kansu. Wanda ya iya agashe, wato tsire, ya kafa tukuba, wadda ta iya kitso ko dakuwa ta fara ko da da ɗan jari kaɗan, malami ya tara yara a inuwa ya koya musu karatu. A cikin wannan hidima kada ka tambayi addinin mai karɓa, domin maƙwabcinka Musulmi shi ma cikin siffar Allah aka halicce shi, kuma asararku iri ɗaya ce.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka ka nemi zumunta ko da ta mutum biyu ko uku ce, gwargwadon alkawarin Matiyu 18:20. Idan akwai coci kusa, ka je ko da da Larabci ake sujada, ka gabatar da kanka ga shugabanni, ka faɗi abin da ka iya yi. Idan babu, ku zaɓi lokaci tsayayye. Tun da Lahadi ranar aiki ce a Sudan, yammacin Lahadi ko safiyar Juma'a sun fi sauƙi ga masu aikin lada. Ku karanta sura guda, ku yi waƙa a hankali saboda maƙwabta, kowa ya faɗi buƙatarsa, sa'an nan ku haɗa ɗan baiko ku ajiye a hannun mutum biyu domin wanda rashin lafiya ta kama a cikinku. Wanda bai zo ba sau biyu a jere, a tura wani ya je ya duba shi a masaukinsa.