Gudun fanfalaki a yankin Aktik: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Kangerlussuaq ƙauye ne a yammacin Girinland, a yankin Aktik da ke can ƙuryar arewacin duniya, mutanensa kusan 500 a 2020. Sojojin Amurka ne suka kafa sansanin jiragen sama a wurin a 1941, suka tashi a 1992. A ƙarshen Oktoba ake yin Polar Circle Marathon a can, kilomita 42.195 kamar kowane gudun fanfalaki, sai dai ana taka wani sashe na farkonsa a kan ƙanƙarar da ta lulluɓe kusan kashi 80 cikin 100 na tsibirin, sannan a biyo hanyar tsakuwa zuwa cikin gari. Akwai wani a Longyearbyen da ke Svalbard, yankin ƙasar Norwe, a farkon Yuni, inda ake girke masu bindiga a gefen hanya saboda farin beyar.

Irin waɗannan gasanni ƙanana ne. Babu cincirindon 'yan kallo irin na gudun Legas, babu shago a bakin titi, kuma mutum zai iya yin tafiya mai nisa bai ga kowa a gabansa ko bayansa ba. Kuskuren da a babban birni za a gyara da kuɗin kwalbar ruwa, a can yana iya cin yatsa.

Babban kuskure, wanda ya fi kama mu 'yan ƙasashen zafi, shi ne jibga kaya. Wanda iyakar sanyin da ya sani shi ne na asubar hunturu a Kano ko Jos, da ya ji an ce digiri 10 ko 15 ƙasa da sifili sai ya sa riga a kan riga, ya ɗora katuwar jaket. Minti ashirin da fara gudu jiki ya ɗauki zafi, gumi ya jiƙa komai. Muddin yana gudu da ƙarfi ba zai ji komai ba. Matsalar tana jiransa a wajen kilomita 30, lokacin da ƙafa ta yi nauyi ya koma tafiya: jiki ya rage samar da zafi, iska ta bugi jiƙaƙƙen kaya, ruwa kuwa ya fi iska saurin zuƙe ɗumin jiki nesa ba kusa ba. Da zarar zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga haɗari. Alamunsa karkarwa, harɗewar harshe, tuntuɓe da rikicewar tunani, kuma abin tsoron shi ne mai shi yakan ce lafiyarsa ƙalau.

Gyaran shi ne ka yarda ka ji sanyi a layin farawa. Ka yi shiga kamar yanayin ya fi yadda yake ɗumi da kusan digiri 10. Rigar da ke taɓa fata ta zama ta ulu mai laushi ko yadin roba mai fitar da gumi, a ɗora wata mai riƙe ɗumi, sannan marar nauyi mai tare iska, mai zif, don ka buɗe idan za ka hau tudu ka rufe idan za ka gangara. Auduga kuwa a bar ta a gida, har singileti da gajeren wando da safa, domin tana shan gumi ta riƙe shi. Na fi nanata wannan saboda mu da auduga muka saba, kuma a ƙasarmu ita ce mai gaskiya. Ka kuma ɗaura wata busasshiyar riga a ƙugu ko ka sa ta a 'yar jaka, ko da kana ganin ba za ka buƙace ta ba.

Daga nan sai gaɓoɓin da sanyi ke fara ci: yatsu, kunne, hanci da kumatu. Safar hannu mai raba yatsu ba ta kai wadda ke haɗa su wuri guda ɗumi ba, don haka a sa siririya a ciki, a ɗora mai haɗewar a kai. Maza su nemi wandon ciki mai tare iska ta gaba; abu ne da ake jin kunyar faɗa, amma waɗanda suka manta da shi ba sa sake mantawa. Al'adarmu ta lafta man basilin a fuska lokacin hunturu tana maganin kaushi da tsagewar leɓe, amma ba ta hana sanyi cin fata. Binciken da aka yi a kan sojojin Finland ya nuna tana iya ƙara haɗarin, saboda mutum yana jin kamar ya kare kansa sai ya bar fuskar a buɗe. Mayafin wuya da za a ja ya rufe baki da hanci ya fi amfani, yana kuma ɗumama busasshiyar iskar da ke sa tari da shaƙewar ƙirji. Mai asma ya ga likitansa tun kafin ya biya kuɗin rajista.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Bayanan rundunonin sojan Amurka da Birtaniya sun nuna baƙar fata sun fi saurin samun raunin sanyi. Sannan yawancin bayanan da ake rabawa suna cewa a lura da fatar da ta yi fari, alhali a jikinmu takan yi toka-toka ne, ta yi tauri, ta daina jin taɓi. Idan yatsan da ke maka zugi ya yi shiru haka kawai, ba sauƙi ya samu ba. Kada a murza shi, kada a goga masa dusar ƙanƙara, kada a kara shi a wuta. A tura hannun cikin hammata, a sanar da ma'aikatan tashar ruwa ta gaba, wato wurin da ake ba masu gudu ruwan sha. In an isa masauki, ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39 ake amfani da shi, kuma ba a narkar da gaɓar da ake tsoron za ta sake daskarewa, don hakan ya fi barin ta illa.

Ƙishirwa ba ta damun mutum a sanyi, shi ya sa da yawa suke wuce tashar ruwa ba su tsaya ba. Amma wannan tururin da ke fita daga baki ruwan jiki ne ke tafiya, ga gumi, ga yawan fitsarin da sanyi ke jawowa. Ka sha a kowace tasha ko ba ka so. Bututun jakar ruwa ta goyo yana daskarewa tun kafin ruwan cikinta, don haka ƙaramar gora a cikin riga ta fi aminci. Haka abin ci: dabino ko cakulan da aka bari a aljihun waje zai koma kamar dutse. Waya da agogon auna gudu su ma batirinsu na saurin mutuwa. Wayar ta zauna kusa da jiki.

Takalmi kuma, ba a fafe gora ranar tafiya. Takalmin da ya matse saboda safa mai kauri yana tare jini, ƙafa ta fi saurin yin sanyi, don haka a nemi mai ɗan sarari, a gwada shi da ainihin safar makonni kafin tafiya. A kan ƙanƙara ana ɗaura wa tafinsa sarƙa mai ƙananan haƙora, a cire ta idan an fito kan tsakuwa. A rage faɗin taku. Wanda ya je da niyyar karya tarihin lokacinsa ya ɗauko abin da zai ja shi ga zamewa da yawan gumi. Tabarau mai tare hasken rana ma wajibi ne, domin sabuwar dusar ƙanƙara tana maido da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ke ƙona ido, kuma raɗaɗin sai bayan sa'o'i yake tasowa.

Wasu kurakuran tun daga gida ake yin su. Bizar Shengen ta gama-gari, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, ba ta shigar da mutum Girinland, sai an nemi wadda aka rubuta tana aiki a can ta hannun hukumomin Danmak, ƙasar da Girinland ke ƙarƙashinta. Svalbard ba ta neman biza, amma ba ta cikin yankin Shengen, kuma ta Norwe ake bi a je a dawo, saboda haka mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar yana buƙatar biza mai shiga sau biyu. A duba inshora a tabbatar ta ƙunshi gasar gudu da ɗaukar majinyaci a jirgin sama, domin babu titin mota daga Kangerlussuaq zuwa babban asibitin Nuuk, babban birnin Girinland, kuma daga Longyearbyen birnin Tromsø na arewacin Norwe ake kai wanda ciwonsa ya yi tsanani. Takalmi da kayan gudu su shiga jakar hannu. Idan akwati ya maƙale a wani filin jirgi, ba lallai a sami girmanka a ƙauyen ba. Mai zuwa Svalbard a Yuni ya sani rana ba ta faɗuwa tun daga ƙarshen Afrilu har cikin Agusta, sai ya tanadi abin rufe ido don barci, ya kuma tambayi malami yadda zai lissafa lokutan salla kafin ya tashi.

Bayan tsallake layin ƙarshe, mutane sukan tsaya ɗaukar hoto da lambar yabo a wuya, suna jiran abokai, jiƙe da gumi. A daidai lokacin jiki ya daina samar da zafin gudu, abincin da zai ƙona ya samar da ɗumi ma ya ƙare, cikin 'yan mintuna sai karkarwa. Tun da safe ka haɗa jaka ka miƙa wa masu shirya gasar su ajiye maka a wurin gamawa: busasshiyar riga ta ciki, hula, safa, babbar jaket. Ka shiga ɗaki, ka tuɓe duk abin da ya jiƙe, ka sha shayi mai zafi da sukari, ka duba yatsun ƙafarka ɗaya bayan ɗaya, sannan ka fito a yi hoton.