Yadda ake shirya garken alfaka kafin sanyi ya sauko a tsaunukan Puno

Alfaka 'yar uwar raƙumi ce, sai dai ƙarama ce kuma ba ta da tozo, don gashinta mai laushi ake kiwonta. Mafi yawanta a Peru take, musamman a yankin Puno na gefen tafkin Titikaka, inda ake kiwo a tuddan da suka kai mita 4,000 sama da teku. Kakar yankin tana kamawa a Afrilu da Mayu. Ruwa ya ɗauke, dabba ta ƙoshi, amma daga Yuni zuwa Agusta ruwan da ya kwana a waje ƙanƙara yake wayewa. Don haka a makonnin kakar nan ake yin aikin.

Da farko ka tara garken a shinge da sassafe, ka kama su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne matakin da ba na so a yi wa ha'inci, domin gashin alfaka yana ɓoye rama. Sai ka gan ta daga nesa ɓul-ɓul, alhali ƙashi ne da fata. Nutsa yatsunka cikin gashin tsakiyar baya har ka taɓa ƙashi. In ka ji shi a tsaye kamar bakin fartanya, gefe da gefe ya zurma, ware ta. Buɗe bakinta kuma. Ba ta da haƙoran gaba a sama, sai dasashi mai tauri, to in na ƙasa sun zarce ko sun cinye, ba za ta iya tsinkar busasshiyar ciyawa ba. Leƙa hammata da tsakanin cinyoyi, nan ƙazuwa ke fara ɓambaroki. In ka gani, a nemo likitan dabbobi tun ba ta bi garke ba.

Sannan ka rage garken. Tsofaffi da mazan da ba za a bari su yi barbara ba, a sayar yanzu da suke da nama a jiki. Wasu a yanka, a yanyana naman, a sa gishiri, a shanya ranar tsauni da sanyin dare su busar da shi. Sunansa charki, ɗan uwan kilishinmu ne, sai dai ba yaji ba tunkuza.

Waɗanda suka fi bukatar kulawarka su ne uwaye. Cikin alfaka yakan kai wata 11 da rabi, don haka wadda ta haihu a Janairu ta sake ɗaukar ciki za ta shiga sanyi da ɗa a nono da wani a ciki. Su za ka ajiye wa abinci. Yanke hatsin dabba da suke kira abena, ka busar, ka jibge inda lema ba ta taɓawa. Ka kuma killace wani ɓangare na fadama, kada ƙafa ta shiga sai tudu ya ƙare ƙaf.

Gyara rumfar kwana, a toshe gefen da iska ke bugowa, domin ciwon huhu ne ke kwashe ƙanana a daren sanyi. Alfaka wuri ɗaya take taruwa ta yi kashi, sai ka kwashe busasshen ka adana na hura wuta.

Almakashi kuwa a rataye shi. Babban aski sai Oktoba ko Nuwamba, in gari ya fara ɗumi.