Yadda za ka harhaɗa jerin sarakunan ƙaramar masarauta na zamanin Turawa

Na daɗe ina bin tarihin ƙananan masarautunmu, irin su Daura da Kazaure da Gumel. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda kowa ke kwafo jerin sarakuna daga wajen wani, kuskure ya yi ta haihuwar kuskure. Kano da Sakkwato sun samu marubuta birjik, ƙananan nan kuwa sai an tashi tsaye. In kana son yi wa masarautarku wannan hidima, ga hanyar da nake bi. Da Daura zan yi misali, don ita ta fi koya mini aikin.

Kafin ka taka ƙofar kowa, gano lardin da masarautar take a kowane lokaci, domin lardi-lardi Turawa suka tsara takardunsu. Daura ta fara zama a Lardin Kano, sai a 1934 aka kafa Lardin Katsina aka sa ta a ciki. Wanda bai san wannan ba zai je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna ya nemi fayilolin Katsina kaɗai, ya dawo yana cewa babu labarin shekarun farko, alhali bai leƙa na Kano ba.

Daga nan sai ka tambayi kanka, gidajen sarauta nawa ne? Nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. A 1805 masu jihadi ƙarƙashin Malam Ishaku suka karɓi birnin Daura, sarkinta na Haɓe, Sarkin Gwari Abdu, ya fita, zuriyarsa suka kafa sarauta a Zango da Ɓaure. Ka ga an kusa shekara ɗari gida uku suna mulki a lokaci guda, kowanne da fadarsa da fadawansa. Da Turawa suka zo sai suka mayar da sarautar birni hannun gidan Haɓe, suka naɗa Malam Musa daga Zango. Wanda ya nace sai ya jera waɗannan sarakuna a layi ɗaya, dole ya zubar da wasu. Ni babbar takarda nake samu in ja wa kowane gida layinsa daga sama zuwa ƙasa, su tafi kafaɗa da kafaɗa.

Sai zuwa wajen dattawa. Ka tafi da goronka, ka durƙusa ka yi gaisuwa yadda ta kamata, kuma kada ka buɗe baki da tambayar shekara. Tsoho bai riƙe sarakuna da lambobi ba, da kirari da dangantaka ya riƙe su. Na taɓa zama gaban wani tsohon bafada a zaurensa, na ce, "Baba, wa ya gaji wa?" Ya ɗauki carbinsa yana jan ƙwaya ɗaya ga kowane sarki, yana yi masa kirari. Da ya zo kan wata ƙwaya sai ya ja ta shiru ya wuce. Ban matsa ba. Washegari na tambaye shi inda kabarin kowanne yake, nan ne sunan ya fito: an tuɓe shi ne, ba a gari ya rasu ba. Tun daga ranar ba na barin tambayar kabari, don Turawa sun saba tuɓe sarki su kai shi nesa, kamar yadda Sarkin Kano Alu ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja. Kada kuma ka manta da tsofaffin matan cikin gida. Su suka san uwar kowane sarki, da ita kuma ake bambance masu suna ɗaya.

Malaman gari sukan ajiye jerin sarakuna da Larabci ko ajami, da shekara da wata da kwanakin da kowa ya yi. Ka nemi izini ka ɗauki hoto da waya, kada ka ce a ba ka aro. Amma ka tuna lissafinsu na Hijira ne, shekararsa ta gaza ta Turawa da kwana 11, shekara 33 na Hijira daidai suke da 32 na Miladiyya. Sarkin Daura Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, shekara 55 ke nan, amma a lissafin malam sun doshi 57. Duka biyun gaskiya ne. Ka kafa turke guda da za ka riƙa aunawa daga kansa: Turawa sun ci Kano a Fabrairu 1903, Sakkwato a Maris, duka a ƙarshen shekarar 1320 ta Hijira.

Takardun Turawa sun fi kowa daidaita ranaku, amma a wajen dalili sai ka yi taka-tsantsan. Ka nemi rahoton shekara na Razdan da rahoton Di'o kan haraji da jangali, a ciki ake samun ranar naɗi da darajar sandar da aka ba sarki. In ka karanta cewa an tuɓe wane saboda zalunci ko rashin iya mulki, ka tuna ta bakin tafinta maganar ta bi, kuma akwai mai jiran kujerar. Ka rubuta abin da Bature ya ce, ka sa na dattawa a gefensa. Rubutun sunaye ma yana ɓatar da mutum, za ka ga Katsena da Hadeija, don haka ka nemi kowane suna ta fuska biyu ko uku. Daga 1939 kuma ga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta riƙa kawo labarin naɗi da rasuwa da Hausa.

Da fensir za ka cika takardarka, ka sa alama a kan kowace shekara don a san daga ina ta fito: baki, ajami, ko fayil. Kafin ka fitar da ita ka koma zauren tsohon nan ka karanta masa suna bayan suna, a hankali, ka ga inda zai ɗaga hannu ya ce tsaya.