Yadda na cire sunana daga jerin masu taurin bashi

Banki ya hana ni rancen jari, wai ana bina bashi. Ashe wata manhajar bashi ce da na biya tun bara, ba ta sanar da kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi ba. Ga yaranta sun dame ni da kira, har surukina suka tura wa saƙo wai ni ɓarawo ne.

Dokar bayanan bashi ta 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Kamfanonin uku ne: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Na nemi nawa a wajen ɗaya daga cikinsu da lambar BVN, sai ga bashin ɓaro-ɓaro, har da kuɗin ruwa.

Na ciro shaidar biya daga asusuna, na rubuta wa masu manhajar su ba ni takardar cewa ba sa bina ko sisi. Shiru kake ji. Sai na haɗa hotunan saƙonnin cin mutuncin na kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, wato FCCPC. Nan fa murya ta yi laushi, takarda ta fito. Na miƙa wa kamfanin rahoton, ya bincika, ya gyara.

Sauran biyun ma na duba su, domin kowanne da kundinsa.